Lasifikar Bakin Rafi

Shekarar da kwaɗin tsaunin Mambila suka kusa ƙarewa, hukuma ta kafa lasifika a bakin kowane rafi, tana ta kukan namijin kwaɗo don jawo matan da suka rage.

Da hantsi Dija ta gangara kurmi ɗibar ruwa. A gindin lasifikar ta tarar da wata 'yar macen kwaɗo ta zuba ƙwai cikin taɓo. Na jiya da shekaranjiya suna gefe, sun yi fari, har sun fara wari.

Ta ƙwala wa mijinta Barkindo, mai gadin kurmin, kira. "Malam, wai ba ka gani ne? Ƙarfe take yi wa ƙwai. Ka kashe abin nan mana!"

"Ina gani," in ji shi. "Amma duk wanda ya taɓa shi, ɗauri ne."

Can tsallaken rafi, ƙarƙashin wani ruɓaɓɓen kututture, Dija ta jiyo wani siririn kuka, yana sarƙewa yana sake tashi. Wannan kam namijin kwaɗo ne mai rai. Sai lasifikar ta sake ɗauka, ta danne shi.

Macen kwaɗon ko juyawa ba ta yi ba.