Rumbun da Gwamna Bai Gani Ba

Kai da kake cewa in shugaba ya yi afuwa magana ta ƙare, gyara zama ka ji. Wani mai kiwon zuma ne ya hau bishiya da bakin wuta zai ɗebi zuma a amyarsa. Rani ne, komai ya bushe. Tartsatsi ya faɗa kan rumbun wata tsohuwa da ba ta da kowa, geronta na shekara ya ƙone ƙurmus. Alƙali ya ɗaure shi. Ana nan sai Sallah ta zo, gwamna ya yi wa wasu fursunoni afuwa, har da shi. Mutumin ya fito kamar a mafarki. Damina ta sauka bai sani ba, daji ya yi kore shar, balbelu na bin shanu, ƙasa na ƙamshin ruwa. Yana tafe yana ji kamar iska ce ke ɗauke da shi, yana ta sa wa gwamna albarka, mutumin da bai taɓa gani ba. A ransa duniya duka ta wanke shi.

To, a garinsu wanda ya fito daga gidan yari ba ya shiga gidansa sai ya fara durƙusawa a ƙofar wanda ya ɓata wa. Gogan naka ya ga ai an gama wannan tun daga sama. Ya zo wucewa ya tarar da tsohuwa zaune kusa da baƙin tabon da rumbun ya bari, tana tsince tsakuwa daga ɗan geron da maƙwabta suka sam mata. Daga tsaye ya ɗaga mata hannu, ya ce gwamna ya yafe masa. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Madalla, ɗan nan. Ashe rumbun gwamna ka ƙona?" Nan mafarkin ya watse, kunya ta rufe shi. Ya ajiye ƙunshin kayansa a ƙofarta, ya ari fartanya, ya haƙo yumɓu ya fara kwaɓawa don ya gina mata sabon rumbu. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma kore shi ba. Da rana ta take, ta turo masa ƙwaryar ruwa.

Ni ban ce afuwa laifi ce ba, ina ma sonta. Amma gwamna mabuɗin kurkuku kawai yake riƙe da shi, ba shi ya kwana da yunwar tsohuwa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.