Ranar da Kofur Bukar Ya Zo Shagon Baba

Ina da shekara tara. Na kai wa babana abincin rana a shagonsa na sayar da kekuna a Sabon Gari, sai wani mutum ya shigo yana dogara sanda, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe. Ya ƙame, ya sara wa Baba.

"Saje, Kofur Bukar ne. Na ji kana neman mai gadi."

Na san sunan. A gidanmu na Fagge, Baba ba ya gajiya da ba baƙi labarin Bukar, wanda ya goya shi ya ƙetare kogi a yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu. Na miƙe zan ba shi kujera.

"Koma ki zauna," in ji Baba, bai ko ɗago daga sabon keken da yake gogewa ba. "Mai ƙafa ɗaya ne zai bi ɓarawo? Allah ya ba da sa'a, Malam."

Mutumin ya sauke hannunsa a hankali, ya fita.

Baba ya rasu bai cika shekara arba'in ba. Har yau dattawan unguwa kan ce mini, "Allah ya jiƙan Saje, mutumin kirki." Nakan ce amin saboda addu'ar. Sauran maganar ban taɓa tanka musu ba.