Na'urar Liman

Ranar Juma'ar da Liman ya dawo daga asibiti, mu direbobin tasi muka cika masallacinmu na garin Hyattsville maƙil. Likita ya dasa masa 'yar na'ura a ƙugu mai daidaita jijiyar mafitsara, yoyon fitsarin da ya daɗe yana fama da shi ya tsaya. Mun sha yi masa addu'a.

Ya hau mumbari, bai sauko ba har ƙafafunmu suka sage, fasinjoji na can suna jira. Shekaru muna yabon gajerun huɗubobinsa, muna cewa hikima ce. Ashe gudun karyewar alwala yake yi.

Da aka sallame, dattijonmu ya durƙusa gabansa.

"Allah ƙara lafiya, Malam. Na ce, wannan na'urar, ana iya kashe ta ran Juma'a?"