Ƙwallon da Ya Faɗa Kwata

Ranar an kwana ana ruwa, kwatocin unguwarmu New Bell duk sun cika. Baba Iliya, ɗan dako a kasuwar Marché Congo, shi yake koya mana tanis kyauta a filin siminti bayan gareji, igiyar shanya ce ragarmu. Ya iso bayan la'asar, riga jiƙe da gumi, ya zauna yana maida numfashi.

Ƙwallo ɗaya ya rage mana. Na buga da ƙarfi, ya tsallake ya faɗa kwata. Muka yi cirko-cirko, wasu har sun fara neman takalmansu su tafi gida.

Baba Iliya ya daɗe yana kallon baƙin ruwan. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe, ya naɗe wando ya shiga yana lalube. Da ya fito, ya wanke ƙwallon da ruwan butarsa ya miƙo mini. Har yau ina jin warin.

"Allez, maza yaro, buga. Da sauran rana."

Yanzu na kai shekarunsa. In na dawo aiki yarana suka ce in fito mu yi wasa, ƙafafuna ba sa ɗaukata, sai in ce gobe. Shi kuwa ko ɗaya cikinmu ba ɗansa ba ne.