Kebul ɗin Motar Zulkarnain

"Meiyou, babu," in ji Basinen mai shagon, ko ɗago kai bai yi ba.

Madina ta yi tsaki ta fito. Yau za a rufe kwantenarta, takalman da ta saro a kasuwar Zhanxi Lu ko ɗaurewa ba a yi ba, ga ta tana zagayen neman kebul. Ƙaninta Zulkarnain ne ya sayi tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, irin ta 'yan shaƙatawa, ya ishe ta da saƙon ta sayo masa kebul ɗin wutar motar.

A shago na gaba laoban, wato mai shagon, ya baje mata kawunan kebul kala-kala. "Wane irin soket ne a sansanin da za a jona motar?"

Ta kira Zulkarnain a Kano ta bidiyo, ranta a ɓace.

"Wai ina za ka jona ta? Hajiyarmu na kwance ba lafiya, kai kana shirin yawo!"

"Yaya, ba jona ta zan yi ba."

Ya juya kyamara. Motar na gindin tagar Hajiya, ko taya babu, sola shimfiɗe a rufinta.

"Injin numfashinta zan ja wa wuta daga nan. Jiya da aka ɗauke wuta, sai da ta shiɗe."

Madina ta dubi laoban.

"Ba ni mafi tsawo. Biyu."