Ɗan Amshi a Sifikar Baya

Da mai shagon kayan sauti ya zaunar da ita tsakiyar sifiku shida, tsohuwar nan da bakinta ba ya hutu ta kasa kunne.

Marigayi mijinta ɗan amshi ne. Ta sha sauraron kaset ɗinsu, ba ta taɓa tsinto muryarsa ba. Ganguna sun danne shi, yadda ita ma ta danne shi a gida.

"Inna, wannan faifan daban ne," in ji mai shago. "Kowace murya da ɗakinta. 'Yan amshi suna bayanki."

Sai ga mijinta dab da kunnenta na hagu, har da gyaran muryar nan tasa mai ban haushi.

"Nan ma sai da ka makara," ta ce, ba ta waiga ba. "Ɗan nan, ba ni faifan."

"Rediyonki ba zai karanta shi ba, Inna. Kayan kuma an saye, ga 'yan dako."

Suka hau zare wayoyi. Ganguna suka tafi, mawaƙin ya bi su. Ya rage mijinta kaɗai, yana amsa waƙar da babu mai rerawa.

Ɗan dako ya sunkuya bayan kujerarta, inda sifikar ƙarshe take.