Mai Keke a Bayan Tirela

A gangaren Madalla wani direban tirela ya taka burki da gangan, ya ji an gwabzu da bayan tirelarsa. Kwana uku ke nan wani mai keke yana manne masa, ga shi sau biyu ɓarayi suna farke masa tamfol. Ya diro da ƙarfen kwance taya, ya rufe mai keken da duka har ƙafarsa ta karye.

Wata mai gasa masara ta kurma ihu: "Malam, ba ɓarawo ba ne! Ɗan tsere ne, motarka ke tare masa iska!"

Direban ya birkito shi. Fuskar da jini ya wanke ita ce a hoton da ya liƙa a gilashin motarsa: gwanin tseren keke na Suleja, wanda zai shiga gasa jibi.